Girar Yayata

Ran nan na raka Yayata Kasuwar Singa sayen kayan azumi, sukari da fulawa da katan-katan na taliya. Muna tsaye bakin wani shago, 'yan dako na ta "hanya, hanya", sai yaron shagon ya ce da ita, "Mama, ɗan matsa kada buhu ya buge ki." Wallahi da ashar ya ɗura mata da ya fi mata sauƙi. Shekararta 46 fa, kuma saura wata biyu maigidanta ya yi mata amarya, yarinya sa'ar 'yarta ta fari.

Muna shiga adaidaita ta zaro madubi, ta sa yatsu biyu ta ja girarta sama. "Dube ni nan, haka nake da," in ji ta. Ashe ta riga ta gama shawara, sarƙar gwal da warwaron da ta gada wurin Inna za ta sayar, ta tafi Masar a ɗage mata gira.

'Yar'uwa mai karatu, abin ba ƙarya ba ne, ana yi. Idan shekaru suka ja, fatar goshi takan saki, gira ta zubo kan ido, mace ta zama kamar kullum a gajiye take ko fushi take yi. Likita zai tsaga fata can cikin gashi, ya janyo goshin sama ya ɗinke. Fuska ta kumbura wajen sati biyu, wata kanta ya daɗe a mace ba ta jin taɓi, in kuwa aka taɓa jijiyar da ke motsa gira sai ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Masu tsoron wuƙa allurar Botox suke yi, ita kuma wata 3 zuwa 4 ta sake.

Na ce, "Yaya, kin manta Stella Obasanjo? Matar shugaban ƙasa guda fa, a Oktoban 2005 ta rasu a Sifaniya bayan tiyatar rage kitse, har kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya a 2009." Ta harare ni ta ce, "Ke kina da bakin magana? Duba littattafanki."

Nan jikina ya yi sanyi. Littafi nawa na cika da 'yan mata masu gira kamar jinjirin wata? Mace kuwa in ta haura 40, a wurina ko uwar miji ce mai masifa ko uwargida mai yawon bin bokaye. Ban taɓa rubuta wani yana sonta ba, kuma Yaya duk ta karanta su, wasu ma ita ta ba ni kuɗin bugawa.

Da muka sauke kaya ta shiga ɗaki, ta fito da sarƙar a ƙulle cikin ɗankwali ta danƙa min. "Ajiye min a wurinki har a gama bikin. In na zo karɓa kada ki ba ni a ranar, ki ce in dawo gobe."

Sau biyu ke nan tana zuwa.