Turmin da ke bakin ƙofar Iya

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a arewacin Ingila, na yi aiki na ɗan lokaci a wani gidan kula da tsofaffi don in samu kuɗin haya. Kowace Talata da hantsi ake gwada ƙararrawar gobara a gidan. Ranar farko ina tsaye a tsakiyar dogon lungun da ɗakuna ke jere hagu da dama, riƙe da farantin shayi, sai ƙararrawa ta ɗauki kuka. Kafin in juya, ƙofofi wajen ashirin sun saki bango a lokaci guda, suka taho a hankali, kowace ta rufe kanta ba tare da hannun kowa ya taɓa ta ba. Na yi a'uziyya a zuciyata. Wata ma'aikaciya 'yar Ghana da ta riga ni daɗewa a gidan ta yi dariya, ta ce kowane sabon zuwa haka yake yi.

Daga baya na fahimci abin da ke faruwa, kuma ba shi da wuyar ganewa. A saman kowace ƙofa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai hannu. Cikinsa sifirin ne da mai. In ka tura ƙofa, sifirin ya matse. In ka sake ta, ya dawo da ita, man kuma yana bi ta wata 'yar siririyar kafa yana rage masa gaggawa don kada ƙofar ta bugi mutum. Ita kanta ƙofar an yi ta ne ta jure wuta na minti 30, kuma a gefunanta akwai wani siririn layi da ke kumbura idan ya ji zafi, ya toshe duk wata kafa da hayaƙi zai bi. Amma tsoho mai sanda ba zai iya kokawa da irin wannan ƙofa sau goma a rana ba. Saboda haka aka sa maganaɗisu a bango wanda ke riƙe ta a buɗe muddin lantarki na bi ta cikinsa. Da ƙararrawa ta ji hayaƙi sai ta yanke masa wuta, ya saki, sifirin ya yi aikinsa. Ko wutar gidan ce ta ɗauke, ƙofar rufewa take yi. Na taɓa raya wa raina cewa da a garinmu ne, da wannan ƙofa ba ta ga ranar buɗewa ba.

Ba don ƙawa Turawa suka kashe kuɗi a kan wannan ba, gawarwaki ne suka koya musu. A daren 31 ga Janairu, 2004, wuta ta tashi a wani ɗan ɗakin ajiya a gidan tsofaffi na Rosepark, kusa da birnin Gilasgo a Sikotland. Wutar ba ta ci ginin ba, amma tsofaffi 14 suka rasu. Binciken kotu da aka fitar a 2011 ya nuna cewa an bar ƙofofin ɗakunan kwana a buɗe, wasu ma an cire musu na'urar da ke mayar da su, kuma da a rufe suke da an tsirar da rayuka. Dalilin barin su a buɗe ba mugunta ba ce: tsofaffin ne ba sa son kwana a rufe. A ranar 9 ga Janairu, 2022, na'urar ɗumama ɗaki ta kama da wuta a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York. Mutanen ɗakin suka gudu, ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya cika ginin. Mutum 17 suka mutu, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Hayaƙi ne ya kashe su. Darasin da aka maimaita mana a wurin aiki har muka haddace shi ne: a gobara, hayaƙi ya kan riga harshen wuta isa ga mai barci, kuma rufaffiyar ƙofa ita ce ke saya masa lokaci.

Da wannan ilimi cike da kaina na dawo gida cikin hunturu.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dambatta, 'yar tafiya kaɗan daga titin da ya tashi daga Kano zuwa Kazaure da Daura. Yanki ne da gona ke manne da gona, gida na hango gida. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi suna da nazarin wannan karkara tun shekarun 1960, inda ya nuna yadda jama'a masu yawa ke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, suna ciyar da ƙasa da takin dabbobi. Abin da wannan ke nufi ga gobara shi ne ba a barin komai a gona. Karan dawa da na gero a kwaso su gida, a yi danga, a yi makamashi, a ba dabbobi. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure ta a ɗora kan rufin ɗaki ko a jingina da bango, domin kuɗi ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowane gida rumbun busasshen makamashi ne, iska na kaɗawa, motar kashe gobara kuma tana nesa.

A tsakiyar irin wannan gida Iya take, mahaifiyar babana. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, ba ta tafiya sai da sanda. Ɗakinta na ƙasa ne mai rufin kwano, da ƙyauren katako da aka lulluɓe da langa-langa. Da na shiga gaishe ta, na tarar da ƙofar a wangale, damin harawa jingine da bangonta, murhun gidan kuma bai fi taku goma daga bakin ɗakin ba. Na dubi wannan da idon Rosepark, gabana ya faɗi. Washegari na shiga Kano, na sayo irin wancan akwatin ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa, na kira kafinta ya ɗaura. Na gwada ƙofar sau uku, tana komawa tana rufewa sumul. Na ji kamar na sauke wani nauyi.

Daren farko, yarinyar da ke kwana da ita, 'yar ƙanena, ta tashi da ciwon kai da tashin zuciya. Aka ce mura ce. Da yamma na zo na tarar an tokare ƙofar da tsohon turmi.

Na ce, "Iya, wa ya sa wannan?"

Ta ce, "Ni na sa aka sa, maigidana. Ko ka gaji da ni ne, ka rufe ni da raina? In ƙofar nan ta rufe, ba na jin dakan safe, ba na jin kukan jikokina, ban san wanda ya shigo gidan ba. Wanda ba ya gani, kunnensa ne idonsa."

Na yi mata bayanin hayaƙi, na ba ta labarin Sikotland. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya jiƙan Musulmin ciki. Na janye turmin, na gargaɗi yara kada wanda ya mayar. A dare na uku ta tashi alwalar asuba, ta tura ƙofar da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Kafin ta ƙetare dokin ƙofa, ƙyauren ya dawo ya ture ta. Ta faɗi a kan hannunta.

Allah ya taƙaita, targaɗe ne, ba karaya ba. Amma a asibiti ne aka ƙarasa mini karatun. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya ji labarin ciwon kan yarinyar, sai ya tambaya ko ana shigar da kaskon wuta ɗakin. Ana shigarwa mana. Kowane dare a hunturu, sai an zuba wa Iya garwashi a kasko an ajiye kusa da gadonta. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya fara da ciwon kai da kasala, in ta yi yawa ya zarce daga barci. Shekara da shekaru buɗaɗɗiyar ƙofar nan ce ke fitar da ita. Ni da hannuna na toshe mata hanya, da sunan kariya.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Kuskurena bai kasance a kan na'urar ba, na'urar ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Ƙofar gobara an gina ta ne bisa zaton cewa wuta za ta taso daga waje, a ɗakin girki ko ɗakin ajiya, mai barci kuma yana cikin ɗakin da babu wuta. A gidan tsofaffi na Ingila zaton daidai ne, domin ɗumi ta bututun ruwan zafi yake zuwa, kuma ba a yarda da ko kyandir ba. A ɗakin Iya wutar tana ciki, kusa da bargo da gidan sauro. Na ɗauko amsa daga wata ƙasa ban tsaya na ji tambayar gidanmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da Iya ta faɗa, wanda shi ne ainihin abin da tsofaffin Rosepark suka faɗa. Duk tsarin kariyar da ya takura wa mutum a kowace rana domin haɗarin da ka iya zuwa sau ɗaya a rayuwa, to mutum zai warware shi, da turmi ko da kujera ko da sukundireba. Maganaɗisun nan da na gani a bango amsa ce ga wannan: injiniyoyi sun haƙura da cewa ba za a canja halin tsoho ba, suka bar masa ƙofarsa a buɗe, suka ɗora wa na'ura nauyin rufewa a daidai lokacin da ya dace. Har akwai irin da ke barin ƙofa ta yi sakayau kamar ba komai a jikinta, sai ƙararrawa ta yi kuka sifirin ya kama aiki, da kuma irin mai batir da ke sauraren ƙarar ƙararrawa ta saki ƙofar. Ni na kawo wa Iya rabin da ke rufewa, na baro rabin da ke girmama ta.

Abin da muka yi a ƙarshe bai ci kuɗi ba. Na sa aka cire akwatin. Aka kwashe harawa daga jikin bangonta zuwa can bayan gida, kusa da turken awaki. Kasko yana shiga bayan magariba ya ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara mata bargo. Na liƙa 'yar na'urar shinshinar hayaƙi mai batir a saman ɗakin, na nuna wa yarinyar yadda ake danna ta a gwada. Muka yi yarjejeniya da Iya cewa ƙofa tata ce da rana, da dare kuma bayan an fitar da wuta a jawo ta, ba sakata. Baffana ya ƙara sharaɗi guda da ban yi tunaninsa ba: kada a sake barin ta ita kaɗai a gida ranar biki ko ranar kasuwa. A gidan da babu lantarki, mutumin da ke kusa shi ne ƙararrawa, shi ne kuma hannun da ke rufe ƙofa.

Na rubuta wannan ne domin da yawa daga masu karanta shi su ne ke yanke shawara a kan ƙofofin da wasu ke kwana a bayansu. A cikinku akwai likitoci masu asibiti, da masu makarantun kwana, da masu zanen gine-gine, da waɗanda suka bar iyaye a ƙauye suna aika kuɗi. A Nuwamban 2015 ɗalibai mata bakwai suka rasu a gobarar ɗakin kwana a makarantar 'yan mata ta Jogana, nan ƙasar Gezawa. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobara a Ƙauran Namoda. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tsoron ɓarayi ya sa mun cika tagogi da ƙarafa, kuma na san gidaje fiye da ɗaya da ake datse wa tsoho mai gigin tsufa kwaɗo ta waje don kada ya fita ya ɓata, mai makullin kuma ya tafi gona. Wannan ya fi turmin Iya haɗari nesa ba kusa ba.

Duk wanda ke da alhakin ɗakin da mara ƙarfi ke kwana, ya je da kansa da dare ya tsaya a bakin ƙofar. Ya duba daga ina wuta za ta fi saurin tasowa, ciki ko waje. Ya gwada ko mai ɗakin zai iya buɗewa da ƙarfinsa, a cikin duhu. Ya tambayi wa zai fara ji, kuma makulli yana hannun wa. In ginin zamani ne mai dogon lungu da ɗakuna a jere, kamar asibiti ko ɗakin kwanan ɗalibai, to ƙofa mai rufe kanta wajibi ce, tare da abin riƙe ta da zai saki idan hayaƙi ya tashi, in ba haka ba cikin mako guda za a tokare ta da bulo.

Hannun Iya ya warke kafin in koma. Ranar da na je sallama, turmin yana nan a bakin ƙofa, rana ta shigo har kan tabarmarta. Ta laluba ta kama hannuna, ta ce in na sake zuwa in kawo mata turare da goro, ƙarfen Turawa kuwa in kai wa amaryata.