Maganin Olsa Ba Goro Ba Ne



A wajenmu, ƙasar Bagudo, abu uku ake aiken yaro ya karɓo a maƙwabta ba tare da jin nauyi ba: gishiri, garwashi, da maganin olsa. Duk macen da ta ji zafi a ƙahon zuci sai ta ce olsarta ta tashi, ko da ba a taɓa auna ta ba. Wannan ta miƙo mata ƙwaya biyu ta katanga, waccan ta ce ta jiƙa kanwa, wata ta ce nono mai sanyi. Zumunci ne ya kawo haka, amma irin wannan kyautar tana iya cutar da wadda aka yi wa.

Zama a bakin iyaka ya ƙara dagula lamarin. Ta Tsamiya ana shiga Segbana, ta Lolo ana fita zuwa Malanville, magani kuwa yana shigowa kamar sauran kayan kasuwa. Na Benin da Faransanci aka rubuta shi, na gida da Turanci, mu kuwa da launi muke gane magani: "mai kan ja", "ɗan farin nan". A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Balle wanda ya yini a faranti cikin rana, aka yanko shi da almakashi, ba kwali, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa.

Facalata ta shekara uku tana shan omeprazole ɗaiɗai, sai ran da ciwo ya motsa. Sana'arta turara shinkafa, kullum bayanta a ƙage, don haka kusan kowane dare sai ta haɗiyi diclofenac. Wata safiya bayan gidanta ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, jiri ya kayar da ita a madafi. Da muka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, abin da likita ya fara nema shi ne ledar magungunanta. Ya ɗaga diclofenac ya ce, "Hajiya, wannan na ƙwaƙule rauni, wancan na ƙoƙarin rufewa. Wa zai yi nasara?"

A nan na fahimci cewa gyambon ciki da na farkon hanji yawanci abu biyu ke kawo su. Na farko magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da asfirin, har da haɗe-haɗen "maganin gajiya" da ake ƙullawa a leda. Na biyu wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Yunwa da yaji suna tsokanar ciwon ne kawai. Wannan albishir ne gare mu: olsa tana warkewa, ba ciwon da za a mutu ana lallashi ba ne.

Gwajin bayan gida ya nuna facalata tana da ƙwayar. Bayan an tsayar da jinin, aka rubuta mata magani uku, omeprazole da amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma har kwana 14, sannan ta ci gaba da omeprazole shi kaɗai na wasu makonni. Aka ce ta sha omeprazole kamar rabin awa kafin abinci, ta haɗiye shi yadda yake, kada ta tauna. Aka tambaye ta ko allurar fenisilin ta taɓa yi mata borin jini, domin amoxicillin danginta ne. Ciwon baya kuwa aka mayar da ita kan farasitamol.

Kwana biyar da farawa ta ji garau, bakinta kuma ya cika da ɗaci. Sai ga surukarmu ta shigo: "Ɗiyata, tunda kin samu sauƙi, ki ɗibar wa ƙanwarki. Cikin ga nata ya hana ta kwana da ƙwannafi." Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ƙidayayye ne. In ta rage, ƙwayar cutar za ta farfaɗo ta saba da maganin, ita kuma mai ciki ba a ba ta shi sai da izinin likita." Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce yaran zamani sun iya rowa. Na ɗauki sunan marowaciya na kwana biyu, na raka yarinyar awo, aka ba ta abin da ya dace da ita.

Batun masu ciki shi ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai maganin olsa mai suna misoprostol, wani kwalin Cytotec aka rubuta. Likita kan rubuta shi don kare cikin wanda dole ya daɗe yana shan maganin ciwon gaɓoɓi. Shi ne kuma ake ba mace a asibiti don tsayar da jini bayan haihuwa, saboda yana matse mahaifa. In mai ciki ta sha shi da sunan maganin olsa, yana iya jawo ɓari, zubar jini, fashewar mahaifa, ko naƙasa ga jariri. 'Yar ƙwaya ce fara, ba ta da wata alamar da za ta tsorata ki. Don haka ko batan wata kika yi na kwana kaɗan, ko kina shayarwa, ki faɗa kafin a rubuta miki komai.

Ko farin ruwan nan na kwalba da muke kurɓa in ƙirji ya ɗau zafi, lafar da ciwo yake yi, ba ya warkar da gyambo. Yana kuma hana jiki tsotsar maganin ƙarin jini da ake ba mu a awo, sai a raba su da kamar awa biyu. Nono yakan sanyaya na ɗan lokaci, daga baya ciki ya ƙara tsatso ruwan tsami. In azumi ya zo kina kan magani, ki tambayi likita yadda za ki daidaita shi da sahur da buɗa-baki.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: baƙin bayan gida, aman jini ko amai mai baƙi-baƙi, ciki ya ƙage kamar katako, jiri da ɗashewar ido. Rama ba dalili da wahalar haɗiye abinci su ma na asibiti ne, musamman ga iyayenmu da suka manyanta.

Wayar da ke hannunki ma tana da rana. Ki ɗauki hoton takardar likita da kwalin magani gaba da baya, ta yadda ko a wane gefen iyaka kika saya za ki gwada sunan harafi da harafi, ki duba ranar lalacewa. Ki saita ƙararrawa ta safe da ta yamma. In kin gama, ki koma a sake gwaji bayan wata guda don a tabbatar ƙwayar ta mutu.

Maƙwabciya ta aiko neman gishiri, ki cika mata hannu. In maganin olsa ta aiko nema, ki yafa mayafi ki raka ta asibiti. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sauki masu ciki lafiya.