Murano, tsibirin da ake rufe hure cikin gilashi

A ƙasar Italiya akwai wani birni da ake kira Benis, wanda anka gina bisa ruwa. Babu mota cikinsa, sai jirgin ruwa da ƙafa. Arewa da shi, tahiyar kilometir 1 da rabi, nan Murano take. Ƙananan tsibirai ne guda 7 da anka haɗa da gadoji. Baƙo in ya sauka daga jirgi, abin da zai fara gani shi ne kantuna jere bakin ruwa, kowane cike da kayan gilashi. Bayan kantunan kuma wuta ce ke ci dare da rana.

Cikin shekara ta 1291 ne mahukuntan Benis sunka umurci masu narka gilashi su kwashe murahunsu su koma Murano, don tsoron gobara, saboda gidajen birnin da yawa na katako ne. Anka ba su girma, amma anka hana su barin ƙasar, kada asirin sana'ar ya hita. Duk da haka wajen 1665 waɗansu sunka sulale zuwa Faransa, sunka yi wa sarkinta madubai.

Masu yawon buɗe ido sun hi son kallon maza masu hura manyan tuluna. Amma aikin da ya cancanci a tsaya a duba shina cikin ƙananan ɗakuna, inda ake yin duwatsun wuya ɗaya bayan ɗaya. Mata ne sunka hi yawa ga wannan aiki, can ana ce musu perlere. Dā fitilar mai ce da zuga-zugi. Yanzu wutar gaz ce.

Ga yadda ake yi. Mai aiki tana riƙe da tsinken ƙarhe da anka shahe da yumɓu, don kada gilashi ya manne masa. Da ɗaya hannun tana narka sandar gilashi mai launi, tana naɗa ta ga tsinken har ta zama ƙwallo kamar ƙwayar gujiya. Wannan shi ne gindi. Sai ta ɗauko siririn zaren gilashi tsanwa ta zana ganye. Ta ɗiga ɗigo 5 farare a kewaye, ta ɗora ja ko shuɗi bisa kowane, ta bari su kwanta kaɗan. Sa'an nan ta zahaha tsakiyarsu kawai, ta soka basilla. Ɗigon nan duka sai su lanƙwaso ciki, su zama hure sosai.

To, nan wuyar take. Huren nan sai an ruhe shi da gilashi garai, mai haske kamar ruwan randa da ya kwana. Ruhin ne ke tsare shi, shi ne kuma ke ƙara masa girma ga ido, har mutum ya zaci huren yana iyo cikin ruwa. Ƙa'idar ita ce: garai ɗin ya yi zahi har ya riƙa zuba kamar zuma, dutsen kuwa ya ɗan huce ya yi tauri. In dutsen ya yi laushi, ruhin zai ja huren ya dame shi kamar tawadar da hannu ya goge bisa takarda. In ya huce da yawa, da ya koma wuta sai ya tsage. Tsakanin biyun nan, ɗan lokaci ne ƙwarai, kuma babu agogon da ke nuna shi sai ido.

Waɗansu suna fara ɗiga garai bisa kowane hure, su danne shi, kana su cika sauran. Waɗansu suna naɗawa daga wannan baki zuwa wancan kamar mai naɗa rawani, kowane zagaye yana danne na baya don iska ta hita. Iskar da ta maƙale tsakani ita ke ɓata dutse. Sai dai akwai ƙwayar iska guda da ake bari da gangan cikin ramin da basilla ta huda, tana ƙyalli tsakiyar hure kamar raɓa. Sandar garai kuma dole a goge ta tsaf, don ƙura kaɗan tana barin hazo. Gilashin ciki da na waje dole su zama masu jituwa, masu kumbura da tsukewa daidai. In ba haka ba dutsen zai fashe, ko da bayan kwanaki ne. Daga ƙarshe ana sa shi cikin tanda mai zahin digiri wajen 500, ya huce sannu-sannu.

Duwatsun Benis ba baƙi ba ne ga Afirka ta Yamma. Cikin ƙarni na 19 jirage sun sauke su da yawa bakin teku, fatake sunka yi ciki da su, har yau ana samun tsoffinsu cikin kasuwanni. A Bida ta ƙasar Nupe ma, masu sana'ar unguwar Masaga suna narka kwalabe su naɗa dutse bisa ƙarhe.

Sana'ar Murano kam ta sha wuya. Babbar masana'antar ƙananan duwatsu da anka kafa cikin 1898 ta ruhe wajen farkon shekarun 1990. Cikin 2020 UNESCO ta sa aikin duwatsun gilashi na Italiya da Faransa cikin al'adun duniya da ya kamata a tsare, amma takardar yabo ba ta biyan kuɗin wuta. Cikin 2021 da 2022 gaz ya yi tsada har murahu da dama sunka mutu na ɗan lokaci. Ga kuma kayan waje masu araha da ake saidawa cikin Benis kanta da sunan Murano. Don haka tun 1994 hukumar yankin ta hitar da tambari mai suna Vetro Artistico Murano, wanda ake liƙawa ga kayan tsibirin na gaskiya. Mai saye da ya san abin shina neman tambarin, sa'an nan ya ɗaga dutsen ga rana ya duba ko huren ya zauna daidai, ko an ja shi.