Sirdin kekena ya ƙi tashi

Ƴan uwa, bari in ba ku labarin abin da ya same ni, ko wani ya tsira da kuɗinshi.

Bara na sayi tsohon keken hawan dutse nan Yamai, irin waɗanda ake kawowa daga Turai. Sirdinshi na da dabara: ka danna ɗan ƙarfe a hannun keke, nauyinka ya sauke shi; ka miƙe ka sake dannawa, iskar da ke cikin bututun ta maido shi sama. Wurin gangara yana da amfani ƙwarai.

Da hunturu ya shigo, sai sirdin ya riƙa maƙalewa a rabi. Na kai wa mai gyara, mutumin ya ɗauko guduma. Na ce: "Malam, tsaya!" In bututun nan ya lotsa, ina zan samu wani?

Na koma gida na bi shi sannu. Na goge ƙurar da ta taru a bakin robar, na shafa ɗan man silikon. Ya ɗan yi sauƙi. Na duba wayar da ke jan shi, ba ta saki ba. Ashe laifina ne: notin zoben da ke riƙe bututun na tamke iya ƙarfina, ya matse shi, na ciki ya kasa wucewa. Ga 5 Nm rubuce a jikin zoben, ban taɓa lura ba. Ina sassautawa kaɗan, sirdi ya tashi.

Mai irin wannan keke, ka fara duba noti kafin guduma. Kuma kada ka ɗaga keken ta sirdi yana ƙasa, iska na shiga cikin man. Allah ya kiyaye mu da hasara.