Hutun da Muka Yi a Gida Mai Taya

A shekarar 1987 mahaifinmu yana gab da kammala karatun noma a wata jami'a da ke jihar Iowa ta Amurka. Da aka ba mu dogon hutun bazara ya ce ba zai mayar da 'ya'yansa Zariya ba alhali ba su ga komai a ƙasar ba sai gonakin masara. Ya ɗauko hayar wata tsohuwar mota ƙirar Winnebago, irin wadda ake ƙerawa a garin Forest City na jihar. Ga gadaje a ciki, ga murhun gas da firij, ga tebur da ake naɗewa ya koma shimfiɗa, har da ɗan makewayi da mutum ba ya shiga sai ya karkace.

Umma ba ta yarda da abincin hanya ba. Ta kwana tana dambun nama, ta ɗura yaji a kwalba, ta ƙulle garin kuka da 'yar daddawar da take lallaɓawa tun zuwan wani baƙo daga gida. Baba ya ce ai akwai kantuna ko'ina. Ta ce, "Malam, ka bar ni da guzurina."

Muka bi babban titi mai lamba 90, muka miƙa yamma, muka haye kogin Missouri a Dakota ta Kudu. Gandun Badlands ne ya fara tsayar da mu da tsaunukansa na busasshiyar ƙasa masu zane ja da toka. A Dutsen Rushmore, inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu, ba mu jima ba. Baba dai ya gaya mana cewa tsaunukan wurin masu alfarma ne a wajen 'yan ƙabilar Lakota tun kafin a zo da gizago, sannan ya tada mota.

Yellowstone ne ya cinye mana hutun. Gandu ne da aka keɓe tun 1872, na farko irinsa a Amurka, kuma mafi yawansa a jihar Wyoming yake. Wuta ce a ƙarƙashin ƙasar wurin, ita ke dafa ruwan da ke ratsawa ta cikin duwatsu, shi ya sa ko'ina ka duba tururi ne da warin farar wuta. Muka zauna a benci tare da ɗaruruwan mutane muna jiran maɓuɓɓugar Old Faithful, wadda kan yi shiru fiye da awa guda, sannan ta watsa tafasasshen ruwa sama, tsawon da ya wuce mita 30. Da ta tashi, Umma ta riƙe hannun autarmu tana ta tasbihi. Baba ya ce in mun koma gida zai kai mu Wikki a Yankari, mu ga ruwan ɗumin da ake iya wanka a ciki, domin wannan kam ko yatsa ba a sa masa.

A kwarin Hayden garken baunar Amurka ya tare titi, motoci suka yi layi, babu mai danna ham. Wani ma'aikacin gandun ya shaida mana cewa a farkon ƙarni na 20 'yan ashirin da wani abu suka rage a dajin saboda farauta, sai da aka tashi tsaye aka kare su. Wani babban namiji ya zo ya wuce dab da tagarmu, har muna jin hucinsa.

Duk da haka, abin da ya fi zauna mini a rai cikin motar yake. A gida uba yana da ɗakinsa, yana da baƙinsa, 'ya'ya kuma suna gaishe shi su wuce. A Iowa ma ɗakin karatu da gonar gwaji sun ɗauke mana shi. Cikin motar nan kuwa babu inda zai je, mu ma haka. Gandun yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,000, don haka ko a watan Yuli sanyin asuba yana cizo. Baba ne ke fara tashi ya ɗora mana ruwan alwala a murhu. Ya fito da kamfas ya nemo alƙibla ta wajen arewa maso gabas, ya ja mu sallah a kan bargo tsakanin itatuwa, yana koya mana kasaru a aikace. Magariba ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, sai yammaci ya yi mana tsawo, shi kuma ya cika shi da labarin ƙuruciyarsa: kiwon awaki, makarantar allo, ranar da ya fara ganin jirgin ƙasa. Dokar wurin ta hana barin abinci ko kwano a waje saboda beyar daji, sai ga Baba yana wanke tukunyar tuwo, Yaya yana ɗauraya, Umma tana cewa, "Malam, don Allah ka kawo," yana ƙi. Ban taɓa ganin haka ba kafin nan, kuma ina ganin kowane ɗa ya cancanci ya san mahaifinsa ta wannan fuska ko da sau ɗaya.

Shekara na zagayowa, a bazarar 1988, gobara ta kama gandun bayan fari mai tsanani, ta taɓa fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. Muna kallo a talabijin autarmu ta fashe da kuka, wai dajinmu ya ƙone. Baba ya zaunar da ita a cinyarsa ya yi mata bayani irin na manomi. Ya ce yawancin itatuwan wurin wani nau'in fain ne, kuma da yawansu ƙwansonsu a liƙe yake da ƙaro, ba ya buɗewa ya zubar da iri sai zafin wuta ya narkar da ƙaron. Ya ce ta jira ta gani.

Bayan mun dawo Zariya gida ya cika da dangi, jama'a suka karɓe mana Baba, muka koma gaisuwar safe da ta dare. Alkawarin Wikki dai ya cika shi. Autar ce kaɗai a cikinmu ta sake taka Yellowstone, da 'ya'yanta, bayan shekaru masu yawa. Ta bugo wa Baba waya tana ɗoki, tana cewa sababbin itatuwa sun fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ya tambaye ta ko sun fito a cunkushe, ta ce ƙwarai, wani wurin ma ba a iya ratsawa. Ya ce haka suke yi, masu ƙarfin za su tsere wa sauran, sannan ya ce ta miƙa wa jikokinsa wayar.