Akwatin Da Ya Haddace Taken Kalangu



Aikin magatakarda shi ne tsare magana kada ta salwanta. Shekara goma sha tara ke nan ina rubuta wa mai girma sarkin unguwarmu a nan Ankara wasiƙu da bayanan zama da sulhun gado, kuma duk abin da ya shiga littafi ya tsira. Sai dai akwai dukiya ɗaya a ƙofar fada da alƙalami bai iya kamawa, wato take. Kowane sarki da aka naɗa tun zamanin kakanninmu yana da nasa taken, kuma a yau mutum ɗaya tak ya rage da ke riƙe da su duka a ka, Sarkin Makaɗa, wanda ya haura tamanin, 'ya'yansa kuwa duk sun kama wasu sana'o'i.

Ɗan ƙanena, mai gyaran rediyo, shi ya zo mini da shawarar da na ji kamar almara. Ya ce: "Baffa, bari in haɗa kwamfuta da hannuna, irin ta da, wadda ba ta da wani aiki sai ɗaukar bugun kalangu da mayar da shi." Na ce ga waya a aljihun kowa, me ya kai mu wahala? Ya amsa cewa waya za ta ɗauki kiɗan a dunƙule, kuma lallai mu yi hakan, amma shi yana son abin da zai rarrabe bugu ɗaya ɗaya, yaro ya taɓa maɓalli ya ji, ya jera su da kansa har take ya fito. Ya ƙara da cewa na'urar da ka san kowace waya a cikinta ba ta mutuwa ta bar ka, domin kai ne likitanta.

Kayan aikin a Zongo Lane ya tsinto su, layin da masu gyaran lantarki na Ankara suka sani sarai. Zuciyar na'urar wata baƙar aisi ce mai ƙafa 40 da ake kira Z80, wadda kamfanin Zilog na Amurka ya fitar a 1976, aka yi ta amfani da ita a ƙananan kwamfutocin gida na shekarun 1980. Kusa da ita ya dasa ma'ajiya biyu. Ta farko tana da 'yar taga ta gilashi a gadon bayanta: a rubuta mata umarni ya zauna, in ana son sakewa sai a haska mata wani haske na musamman ya goge. Da na gani sai na tuna allonmu na makaranta, a rubuta, a hardace, a wanke, a sake sabon rubutu. Ta biyun kuwa ita ce ke riƙe sauti, kuma da an ɗauke wuta ta manta kome.

Yadda sauti ke zama lissafi shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai, har sai da na zauna na fahimta. Fatar kalangu tana girgiza iska, makirfo ya mayar da girgizar wutar lantarki mai hawa da sauka, sannan wata aisi ta riƙa auna tsayin wutar nan sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, tana ba kowane awo lamba. Tamu tana awo sau 8,000 a daƙiƙa, daidai da na layin tarho, kuma lambobinta daga 0 zuwa 255 ne, matakai 256 ke nan. Faifan CD kuwa sau 44,100 yake aunawa, da matakai 65,536. Ƙa'idar masana ita ce yawan awo ya ninka sautin da ya fi kowanne tsini da ake son kamawa, shi ya sa akwatinmu ke riƙe kaurin ganga da kyau amma yake dusashe kaifin algaita. Wajen mayarwa, lambobin suna bi ta wani tsani na ƙananan resistoci iri biyu, ɗaya ninkin ɗaya, su koma wuta, wutar ta shiga lasifika.

Ma'ajiyar sautin bait 32,768 kawai take ci, wato daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Wannan ƙunci ba sabon abu ba ne. Fairlight, na'urar da aka ƙera a Ostareliya a 1979 wadda manyan mawaƙan Turai suka yi rububinta, ita ma gajeren sauti take ɗauka da matakai 256. Kwamfutar Amiga ta 1985 tana fitar da irin wannan sauti ta hanyoyi huɗu a lokaci guda, kuma da ita samarin Turai suka koyi jera guntayen sauti su zama waƙa a ɗakunan kwanansu.

Daƙiƙa huɗu ta tilasta mana tambayar da ba mu taɓa yi ba: bugu nawa ne ainihin harshen kalangu? Yaron ya fara da ɗaukar bugu guda, yana hanzarta shi don murya ta ɗaga, yana jinkirta shi don ta sauka. Sarkin Makaɗa ya saurara ya girgiza kai, ya ce: "Magatakarda, wannan ganga ce mai i'ina." Ya nuna mana cewa kalangu yana bin karin harshen Hausa ne, sama da ƙasa da faɗuwa, kuma faɗuwar nan tana samuwa ne idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata ya buga sannan ya sassauta tun sautin bai mutu ba. Hanzarta bugu ba ya haifar da wannan lanƙwasa, gajarta shi kawai yake yi. Sai aka ɗauki kowane iri daban: na sama, na ƙasa, mai faɗuwa, mai tashi, da wanda ake danne fata da yatsa. Bugu biyar, kowanne ƙasa da daƙiƙa ɗaya, suka shige ma'ajiyar har da saura.

Ni kuma na ɗauki nawa kason. Na buɗe sabon littafi, kowane take na rubuta sunan mai shi, da kalmomin da ganga ke faɗi, da jerin maɓallan da ke fitar da shi, da sunan wanda Sarkin Makaɗa ya karɓa daga gare shi, kamar yadda malamanmu suke kiyaye silsilar karatu. Kafin a ɗauki ko bugu ɗaya sai da muka nemi izninsa a gaban sarki, aka kuma rubuta sharaɗinsa: ba za a kaɗa taken sarki da akwati a wurin biki ko naɗi ba, na koyo ne kaɗai. Hannunsa ne a ciki, shi ke da ikon gindaya sharaɗi.

Zuwa yanzu take goma sha ɗaya sun shiga littafi. Yara suna zuwa da yamma su danna maɓalli, kuma biyu daga cikinsu sun gaji da akwatin sun nemi a rataya musu kalangu na gaske. Tsohon ya karɓe su, yana matse musu hammata da hannunsa yana cewa a nan maganar take. Akwatin bai san lokacin da ake jan bugu don sarki ya kammala zama ba, bai kuma san wanda ya shigo fada balle ya sauya take. Waɗannan sai a gaban malami.

Ina roƙon 'yan'uwa na Kumasi da Tamale da Yendi da sauran zangunanmu, kowa ya duba ƙofar fadarsu ya ƙirga makaɗan da suka rage. Wanda ba shi da mai haɗa na'ura, waya da littafi sun isa a fara, muddin an rubuta sunan mai take da ma'anarsa tun masu sani suna raye. Allah ya ja kwanan dattawanmu, ya sa mu amfana da abin da ke ƙirjinsu.