Ɗaki Na Mutum Biyu, Rasit Da Sunan Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana bisa wani abu da ke ɓata zumunci tsakaninmu ma'aikata a garuruwa irin su Kaduna da Jos da Kano. Mutum biyu su haɗa kuɗi su kama ɗaki, su biya hayar shekara gaba ɗaya, amma rasit ya fito da sunan ɗaya kaɗai. Muddin suna tare ba mai tuna takardan nan. Sai ran da aka yi wa ɗaya canji, ko zama ya ƙi daɗi.

Ni akawu ne, kullum aikina duba sunan da ke kan takarda. Wani abokin aikina ya zauna da ɗan garinsu shekara uku, aka ɗauke ɗan garin nasu zuwa wani lardi saura wata biyar haya ta ƙare, ya tafi da rasit a akwatinsa. Mai gida ya ce shi bai san wanda ya rage ba, ko ya biya sabo ko ya kwashe kayansa. Wanda ya tafi kuma yana aiko da wasiƙa a mayar masa da rabonsa na wata biyar. Yanzu ko gaisawa ba su yi.

Ban ga laifin mai gida ƙwarai ba, gama da wanda ya sa hannu ya yi ciniki. Shari'a ma ba ta ɗauki haya abin wasa ba. A littafin Risala an nuna ko mutuwar mai zama a gida ba ta warware haya, balle canjin wurin aiki. Dokar haya ta Legas ta 2011 kuwa ta ce, in ba a yi wani sharaɗi dabam ba, mai hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida, mai hayar wata na wata ɗaya. To, wanda ba sunansa ko'ina, yaya zai nuna wa alƙali shi ne mai haya?

Abin da na gani shi ne, tun ba a ɗaure kaya ba su biyu su tafi wurin mai gida tare da shaidu. A karɓi tsohon rasit, a rubuta sabo da sunan mai zama. A lissafa watannin da suka saura, mai zama ya biya mai tafiya rabonsa, ko a yanka ranar biya a rubuce. Kuɗin wuta da na ruwa a raba su har zuwa ranar tashi. In mai tafiya zai kawo wani a madadinsa, sai mai gida da mai zama duka sun yarda, don ba kowa ake iya kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Na san za a ce neman takarda wurin aboki rashin kunya ne. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ji kunyar karɓar rasit a kanti ba.

Naka,
Wani Akawu, Kaduna.